Mutum Nawa Ne a Cikin Kwalekwalen

Shamsuddeen ƙanena ne, ni na goye shi, don haka ba wanda zai koya mini yadda fuskarsa take idan yana ɓoye abu. Ranar da ya sauka a tashar Kibiya da jaka ɗaya tal, bayan shekarun da ya kwashe a ƙasar waje, kallo ɗaya na yi masa na san ba hutu ya zo ba. Amma gari ya riga ya ɗauka. An ce Injiniya ya dawo, mai ƙera jirgin sama, sai aka fara yi mana sallama da matacciyar rediyo da fanka da injin ban-ruwa. Kakar zaɓe ce kuma, 'yan jam'iyya biyu suka yi ta zarya a zaurenmu, kowa na so a ga ya ɗaga hannun Injiniya a taro. Shi kuwa ya karɓi rediyoyin ya gyara, ya ba 'yan siyasar haƙuri, ya shige ɗakin marigayi Babanmu ya turo ƙofa.

Sai da aka kwana biyu na lura ba ya cin abincin rana. Na ce ko azumin Litinin da Alhamis ne. Talata ta zo, Laraba ta zo, kwano na dawowa yadda aka kai shi. Mahaifiyarmu, Inna Hansatu, murna ta kama ta, tana gaya wa duk wadda ta shigo cewa ɗanta ya je ƙasar da ba a jin kiran salla ya dawo ya fi 'yan gida ibada. Ni ban yi murna ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Wata biyu ya yi a jere bai sha ba. Ya huta kamar mako guda, ya ci tuwo, har ya yi dariya sau ɗaya, sannan ya sake ɗaukar wani wata biyun. Da ya gama ya ɗauki na uku. Kafin damina ta kankama rigunansa sun koma kamar na aro. Wata safiya na je shara bayan ɗakinsa na ga aman jini a bakin rariya, an zuba ƙasa a kai amma ba ta rufe ba. Da faɗa da kuka na kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce gyambon ciki ne, ya yi nisa, in bai daina azumin nan ba cikin zai fashe, kuma ba lalle a kawo shi da rai ba. Shamsu ya ce ya ji, ya gode. Muka dawo gida, ya gama na ukun, ya huta kwanaki kaɗan, ya tashi da na huɗu.

A ranar na tare shi da magariba. Yana zaune a tabarma a tsakar gida, kofin kunu a hannunsa, an kira salla amma bai kai baki ba. Idonsa na kan ƙofar zaure.

"Sha mana," na ce. "Me kake kallo?"

Ya sha. Na zauna kusa da shi, na ce yau ko ya gaya mini ko in tara masa dangi.

"Kaffara nake yi, Yaya Juwairiyya," ya ce. "Na kashe mutane."

Ya ba ni labarin a taƙaice, muryarsa ba hawa ba sauka. Jirgin gwaji suka harba a kan teku, marar matuƙi, shi ya tsara abin da ke sarrafa shi. Jirgin ya kauce wa hanya, ya fita daga yankin da aka hana kowa shiga, ya tarwatse, ɓaraguzansa suka faɗa kan kwalekwalen masunta. Kwalekwalen ya nutse da mutanensa. An kafa kwamitin bincike, kwamiti ya ce ba laifin kowa ba ne.

"To ai shi ke nan," na ce. "Sun wanke ka. Kuma ko da laifinka ne, kaffarar kisan kuskure wata biyu ce, ka yi ta sau uku."

"Wata biyu kan kowane rai. Ban san ko su nawa ba ne. Kwamitin cewa ya yi ba a tantance adadinsu ba." Ya sake duban zauren. "Duk magariba in na ɗaga kofi sai in gan su a can, tsaye, tufafinsu na ɗiga. In na fara ƙirga su sai su motsa, wani ya shige bayan wani. In na gama wata biyu nakan ce yau za su ragu. Ba sa raguwa."

Na juya na dubi zauren. Ba komai sai keken maƙwabcinmu da ya jingine da buhun taki. Duk da haka tun daga ranar ban ƙara yarda na bi ta zauren nan da magariba ni kaɗai ba. A lokacin ne ma na gane dalilin da yake shigewa ɗaki duk ranar da mai tallan kifin Tiga ya yi sallama.

Ashe har kotun shari'a ya taɓa kai kansa, a ɓoye. Magatakardan abokin karatunsa ne na firamare, ya tambaye shi wa ke ƙara, ina gawa, a wace ƙasa abin ya faru. Da ya ji amsa sai ya dafa kafaɗarsa ya ce ya je gida ya yi ta istigfari. Kowa ya ji labarin sai ya sallame shi, shi kuwa sallamar ba ta shiga kunnensa.

Mutum ɗaya na san Shamsu ba ya tsallake maganarsa: Baffa Ramalan, ƙanen Babanmu, malamin fiƙihu da ke zaune a Rano, wanda ya koya mana alwala mu duka. Washegari da na tashi daga makarantar da nake koyarwa na hau mota sai Rano. Na same shi a zaurensa a kan buzu, na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ban yi kwana-kwana ba.

"Baffa, so nake ka ce masa ba shi da laifi. Kai kaɗai zai ji. In ba haka ba kafin Sallah za mu binne shi."

"Fatawa kika zo nema ko aike kika zo yi mini?"

"Ran ɗan ɗan'uwanka na zo nema."

Ya daɗe yana shafa gemu. "Ban san abin da zan ce ba sai na ji yadda abin yake aiki. Ki kawo shi."

Na fito ina ƙunƙuni. Malamai ke nan, gida na cin wuta suna tambayar wa ya ƙyasta ashana.

Ranar Asabar da hantsi muka je. Hanyar ba ta da nisa, amma sau biyu aka tsayar da mota don jiri na ɗibar Shamsu. Duwatsun Rano sun yi kore shar da ruwan damina, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Baffa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da bango don ya jingina, ni na zauna daga bakin ƙofar cikin gida.

"Yayarka ta gaya mini ƙarshen labarin," in ji Baffa. "Ni farkonsa nake so. Ka ce ba kowa a cikin jirgin. To wa ke tuƙa shi?"

"Kwamfuta, Baffa. Gudunsa ya ninka gudun sauti sau shida, kafin ka ji rugugi ya daɗe da wucewa. A irin wannan gudun hannun ɗan Adam bai isa ya riƙe shi ba. Sai a ba kwamfuta linzamin. Aikina shi ne in tsara mata ƙa'idar da za ta bi wajen ja da saki."

"Ƙa'ida kamar yaya?"

Shamsu ya gyara zama. Rabon da in ji ƙarfi a muryarsa har na manta. "Jirgin da ake zuwa Makka da shi mai sauƙin kai ne. In ya karkata kaɗan a ja kaɗan, in ya karkata ninki biyu a ja ninki biyu. Wannan ba haka yake ba. Jan da ya daidaita shi yanzu, in gudu ya ƙaru ko iska ta sauya, shi ne zai kifar da shi. In hancinsa ya ɗaga ko da ɗan kaɗan fiye da ƙima, injin ya rasa iska ya mutu. Ga zafi. Iska na gogar jikinsa har ƙarfen ya yi laushi, ya riƙa lanƙwasa kamar karan dawa. Babu ƙa'ida guda da za ta ishe shi tun daga tashi har sauka. Shi ya sa na tsara wadda take koyo tana cikin tafiya. Ta ja, ta ga yadda ya amsa, ta gyara jan da za ta yi nan gaba."

"Kamar mai horon shanun huɗa."

"Kusan haka. Amma akwai gwargwadon saurin da ake ba ta ta koya. In ya yi kaɗan, ba ta cim ma jirgin. In ya yi yawa, takan ruɗe. Abokan aikina sun so a bar shi ƙasa-ƙasa. Ni na tsaya a taro na ce a ƙara. Mun gwada a kwamfuta sau ba adadi, bai faɗi ba. Aka bi ra'ayina."

"Sai me ya faru a sama?"

"Ƙarfen ya yi laushi fiye da lissafinmu. Jikin ya fara rawa. Na'urorin da ke jin motsinsa suka ɗauka karkata yake yi, ƙa'idar ta ja don ta gyara. Jan ya ƙara rawar. Ita kuma ta koyi cewa jan bai isa ba, ta ƙara." Ya ɗaga tafin hannunsa yana nunawa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, kowane karo ya fi na baya faɗi, har hannun ya bugi bango. "Da abin da take haddasawa take faɗa, Baffa. Muna zaune a ɗaki muna kallon layin da ke nuna rawar a allon kwamfuta yana buɗewa. Ba abin da za mu iya yi."

"Garin gyaran gira," in ji Baffa, bai ƙarasa ba. "Da ka bar shi yadda suka so, da bai faɗi ba?"

"Mun sake lissafi da ƙarfen mai laushi. Da ya yi rawa, amma da ya kai."

Na ji kamar in toshe masa baki. Mutum ana neman hanyar fitar da shi yana ƙara ɗaure kansa.

Baffa ya rufe ido har na ɗauka gyangyaɗi yake. Sannan ya buɗe.

"Dabba in ta taka mutum ya mutu, mutum uku ake dubawa: mai hawa, mai ja, mai kora. In tana tsaye ba wanda ya taɓa ta ta yi harbi, ba a bin kowa jini. Wannan 'yar tawa so take in ce dabbarka a tsaye take." Bai ko dube ni ba. "Ba a tsaye take ba. Ka ce ba kowa a kai, amma linzamin naka ne, ka ɗaura mata ka sauka. Kai ne mai ja, Shamsuddeen. Ba kai kaɗai ba, amma kana ciki, kuma kowa da kaffararsa. Kuskure ne, ba ganganci ba. Amma ka kashe."

Na miƙe ban sani ba. "Haba Baffa! Wannan na kawo maka shi ka yi? Ka dubi ƙasusuwan wuyansa!"

"Zauna, Juwairiyya."

Ban zauna don maganarsa ba. Shamsu ne ya zaunar da ni. Ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro, kafaɗunsa na girgiza, yana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Tun da abin ya faru, sai yau wani ya yarda da shi. Raina ya ɓaci matuƙa, amma na ga abin da idona, ban da ta cewa.

Baffa ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya ce, "Su nawa ne?"

"Ban sani ba."

"Ka tambaya?"

"Kwamitin ya ce..."

"Ba kwamiti na tambaye ka ba. Kwalekwale daga wani gari ya tashi. Garin na da masu jiran dawowarsa. Su ma ba su tantance ba?"

Shamsu ya sunkuyar da kai.

"Ka je garin?"

"Na sa hannu ba zan yi maganar aikin da kowa ba."

"Alkawarin rufe sirrin jirgi ka yi. Ba ka yi alkawarin ƙin gaishe da masu makoki ba." Muryar Baffa ta yi kaushi. "Yunwa ta fi maka sauƙi a kan ka tsaya gaban uwar wani ka tambayi sunan ɗanta, shi ya sa ka zaɓi yunwa. Azumin da ba ka san iyakarsa ba ba kaffara ba ne, kashe kai ne a hankali, kuma ba ni na aike ka ba. Ukun da ka yi, Allah Ya karɓa. Wannan na huɗun, ka karya shi yanzu a gabana. Ka ci, ka sha magani, ka warke. Sannan ka je ka ji ko su nawa ne, da sunayensu. Maganar diyya ta dangi ce, za mu zauna a kanta. Abin da ya rage na azumi, marar lafiya jira yake sai ya samu ƙarfi."

Ya ɗaga murya ya ce a kawo fura. Aka miƙo mini ƙwaryar daga cikin gida, ni na dama da hannuna. Shamsu ya riƙe ludayin ya daɗe, rana tsaka, sannan ya yi bisimilla ya sha. Na yafe wa Baffa a take, ko da yake ban gaya masa ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi da ƙanena. Na sa shi gaba da kunun gyaɗa da madara da farfesun kaza marar yaji. Kumatunsa suka fara dawowa. Ya shiga gona da kaka, ya taya girbin dawa, ya gyara wa masallacin unguwa amsa-kuwa. Inna ta fara lissafa masa 'yan mata har na ƙauyen Nariya. Sai dai da magariba har lokacin yakan juya wa zaure baya. Na tambaye shi ko suna nan. Ya ce suna nan, amma yanzu ba ya ƙirga su, jira suke shi ma yana jira.

Ni kuwa lissafina ɗaya ne, kuma ban ɓoye wa Allah shi ba a kowace sujada. Uku ya biya. Ɗan kwalekwale ne, in ji shi. In mutum biyu ne ko uku, ya gama, ya fita, sai aure. In sun wuce haka, na san halin Shamsu. Baffa ya ce marar lafiya jira yake, amma wannan yaron tun yana rarrafe bai iya jira ba. Kowane rai bayan na uku wata biyu ne a kan cikin da likita ya ce ba zai ƙara ɗauka ba.

Bayan ƙaramar Sallah ya tafi. Mako na farko ya bugo ya ce ya sauka lafiya. Na biyu ya ce ya samu mai yi masa tafinta, suna bin ƙauyukan bakin teku ɗaya bayan ɗaya. Daga nan shiru.

Wata Alhamis da la'asar ina tsakar gida ina sheƙar gero wayata ta yi ƙara. Na ajiye faifan. Bayan muryarsa ina jin wani irin shuuu mai zuwa yana komawa, da kukan tsuntsaye, da mata na magana da harshen da ban sani ba.

"Yaya, na samu garin."

"Sun yi maka wani abu?"

"Sun ba ni wurin zama. Sun ba ni shinkafa da kifi, na ci." Ya numfasa. "Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce tun da abin ya faru ba wanda ya zo ya tambayi sunansu. Zan faɗa miki, ki riƙe, ki kai wa Baffa a sa su a addu'a."

"Shamsu, su nawa ne?"

"Ki saurara dai. Na yi mata alkawarin ba zan faɗe su a dunƙule ba."

Muryarsa a natse take, rabona da in ji ta haka tun kafin ya bar ƙasar nan. Ya fara. Sunayen irin namu ne, sai dai harshen wani wuri ya lanƙwasa su, kuma bayan kowanne yakan faɗi ɗan wane ne, da waɗanda ya bari. Na naɗe ɗan yatsana na farko. Na naɗe na biyu. Da ya faɗi na uku na ce a raina ya Allah, ya tsaya nan.

Ya faɗi na huɗu, ƙanen na farko ne. Ya faɗi na biyar. Inna ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko Shamsu ne, yana lafiya, yaushe zai dawo. Ban amsa mata ba. Yatsun hannun damana sun ƙare, na maƙale wayar a kafaɗa na buɗe na hagu, shi kuwa bai tsaya ba.